Cokalin Farko

Tun ranar da likita ya ce wa Direba jininsa ya hau, matarsa ta kafa doka: ba ya kai loma baki sai ta ɗanɗana. In ta ce, "Gishiri ya yi yawa," magana ta ƙare, sai ya ture faranti yana tsaki. Ya yi fushi, ya yi zuciya da abinci, har ƙara ya kai wurin yayarsa, duk a banza. Da ya gaji sai ya laƙaba mata suna Kwastan, wai don babu kayan da ke shiga cikinsa sai ta buɗe ta duba. Sunan ya bi ta, har jikoki da shi suke kiranta. Ita ko a jikinta. Mutumin nan take so, kuma ba ta shirya zama ita kaɗai a gidan ba.

Direba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin garinsu da babban birni, a kan hanya ɗaya tilo da ta ratsa duwatsu. Duk dawowa sai ya cika mata kunne da labarin abincin birni: kifin da ake gasawa a bakin gada, burodin da ake zaro wa mutum da zafinsa, romon wata mata a bayan tasha. Da ya ajiye tuƙi, babban ɗansu ya ba su aron ƙaramar motarsa ya ce, "Baba, kai Mama ta ci da bakinta, mu huta da labari."

Suka raba aiki. Sitiyari nasa, tsayawa tata. Duk inda ta ce, "Tsaya nan," zai taka birki, ko da yana gunaguni.

Da hantsi suka shiga duwatsun. Hanya ta riƙa naɗewa tana warwarewa, dutse a dama, rami a hagu, can ƙasa rafi yana ƙyalli. Gajimare ya sauko ya zauna a kan bishiyoyi. Direba sai zuba yake, yana nuna mata inda tayarsa ta taɓa fashewa da inda ya taɓa tsere wa ruwan sama. Da suka gangara wani kwari mai zurfi, rediyo ya yi shuu ya ɗauke.

A nan ƙamshin ya shigo ta taga. Kwastan ba mai kwaɗayi ba ce, amma sai da yawunta ya tsinke.

"Tsaya nan," ta ce.

"Nan ina? Na san hanyar nan ciki da bai, babu gidan abinci a kwarin nan."

"To wancan masallaci ne ko asibiti?"

Ga shi kuwa, a gindin dutse: rumfa ce mai rufin kwano, hayaƙi na tashi ta bayanta, manyan motoci a jere a gabanta. Da suka fito ta lura ciyawa ta yi tsawo a ƙarƙashin motocin, har wata ta naɗe taya. Ta ga abin, amma ƙamshin ya riga ya ja ƙafarta.

A ciki maza ne cike da benci, kowa da farantinsa. Ta yi sallama, ba wanda ya ɗago. Ta zauna da direba tsawon aurenta, ta san direbobi ba sa cin abinci shiru; sai gardama, sai zagin hanya, sai ƙaryar gudu. Waɗannan hannu kawai ke tafiya. Cokali na taɓa faranti ba ya ƙara. Ko ƙuda ɗaya babu a kan tebur.

Mai abincin, wata tsohuwa mai dogayen yatsu, ba ta tambaye su abin da za su ci ba. Ta kawo faranti ɗaya tak, shinkafa da romo, ta dire a gaban Direba.

"Ka daɗe," ta ce masa. "Kullum sai na ɗumama maka."

Sai wani daga ƙarshen benci ya ɗago kai, da jan tawul a wuya da giɓi a gaba. Kwastan ta gane shi nan take. Ba-Birki ne, abokin mijinta. Ita da kanta ta je wa matarsa gaisuwa, ta kwana tana riƙe da marayunsa. Ranar da motarsa ta faɗa kwarin nan, lodin Direba ne ya ɗauka, don shi Direba yana kwance da zazzaɓi.

Ta juya ga mijinta tana jiran ya zabura. Ina! Murmushi yake, irin na wanda ya dawo gida.

"Ashe kana nan, ɗan banza?" ya ce a hankali.

Ba-Birki ya matsa, ya buga benci kusa da shi da tafin hannu. Bugun bai yi ƙara ba.

"Baban yara, tashi mu tafi," ta ce. Bai ji ba. Ta ja rigarsa, ta kira shi da sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba. Ya ɗauki cokali, ya cika, ya nufi baki.

Ta fizge cokalin. Niyyarta ta watsar. Amma hannun da ya saba ba ya shawara da mai shi: kafin ta ankara cokalin yana bakinta, kamar yadda yake shiga sau uku kowace rana ta Allah.

Girkin mahaifiyarta ne. Ba kama ba, shi ne, har da ɗan ƙaurin gindin tukunya da take samu in ta tsaya hira da maƙwabta. Matar da ta rasu tun Kwastan tana goyon fari. Hawaye ya cika mata ido. Ta ji babu abin da take so a duniya sai ta ja farantin nan gabanta ta zauna. Mutanen benci duk sun daina ci, sun zuba mata ido.

Ta haɗiye da ƙyar. Ta gyara murya, ta sa irin wadda take sawa a gida.

"Gishiri ya yi yawa."

Direba ya yi tsaki. Hannunsa ya ture farantin da kansa, ya miƙe yana gunaguni, wai mutum ba shi da 'yanci ko a kan hanya. Ta tura shi gaba har mota. Ba ta waiwaya ba, amma ta ji muryar tsohuwar a bayanta, ba fushi ba gaggawa: "To, 'yata, naki zan ajiye."

Sai da suka haye kwarin rediyo ya dawo. Direba ya share gumi ya ce kamar ya yi gyangyaɗi. Ta ce masa ya dubi hanya.

Birni ya karɓe su da hon da hayaƙi. Direba ya zama yaro. Ya kai ta bakin gada, mai kifi ya gane shi, suka rungume juna. Ta ɗanɗana kifin: ba ɗanɗano, kamar takarda. Burodi mai zafi: auduga. Ta ce a ranta gajiya ce. Tana taunawa tana yaba masa, tana miƙa masa faranti, ga wata yunwa tana nuƙurƙusar ta wadda ba ta da alaƙa da abin da ke gabanta.

Washegari suka je wurin mai romon bayan tasha. Kwastan ta kurɓa, ta ce, "Daidai. Ci abinka." Ya kurɓa, ya tofar. Mai romo ta taho da gudu tana ba da haƙuri, wai 'yar aikinta ta zuba gishiri bayan ita ta riga ta zuba.

Direba ya daɗe yana kallon matarsa. Matar da ke gane an ƙara ɗan gishirin da bai cika tsinin yatsa ba.

"Ba gyangyaɗi na yi ba ke nan," ya ce. "Cokali nawa kika ci?"

"Ɗaya."

"Nawa ne fa. Ni aka zuba wa."

"Naka ai ni ke fara ci. Yau ka sani?"

Ya so ya yi dariya, bakinsa ya ƙi. Ta kama hannunsa a kan tebur, a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baban yara, ina jin tsoro. Hanyar gida ɗaya ce. In mun zo wurin zan ce ka tsaya. Zan yi kuka, zan rantse, wataƙila in zage ka. Kada ka tsaya."

Da rana tsaka suka sake gangarawa kwarin. Ya ɗage gilasai duka, ya kulle ƙofofi, amma ƙamshin ya shigo. Rediyo ya ɗauke. Tsohuwar tana tsaye a bakin titi da faranti a hannu, tururi na tashi.

"Tsaya nan," Kwastan ta ce.

Ƙafarsa ta tashi da kanta ta nufi birki. Ya danne gwiwar da hannu ɗaya, ya maida ita kan totur.

"Don girman Allah ka tsaya. Loma ɗaya. Innata ce fa!"

Tana dukan kafaɗarsa, tana jan hannun ƙofa. Hawaye na zuba a gemunsa, idonsa na kan hanya.

"Yi haƙuri, Kwastan," ya ce. "Gishiri ya yi yawa."