Sunan Cindo na Yanka

Shekara biyu bayan farin 1973 na dawo Gagarawa daga Maigatari, inda na girma a hannun kawuna, na tarar wani mai suna Manu ya shuka gero a gonar mahaifina. Ita kaɗai ta rage mana, shanu duk fari ya cinye.

Na kai ƙara. Alƙali ya ce akwai tsohuwar takardar ajami da mai unguwa ya rubuta ranar da aka ba da gonar. Ya kife ta a kan tebur.

"Yaya sunan mahaifinka?"

"Cindo, Allah ya gafarta malam."

"Wannan laƙabi ne na mai yatsa shida. Ina nufin sunan yanka. Ka zo min da shi nan da kwana goma sha huɗu. In ya dace da na takardar, gona taka ce."

Kunya ta kama ni. Gardi guda da gemu, ban san sunan ubana ba. Ya rasu ina ciki. Ni kaina ba mai kirana da sunan yanka, Ubale ake ce min, kuma na ɗauka sunan wani kaka aka mayar min.

Na hau keke na shiga yawo. A Sule Tankarkar wani tsohon makiyayi ya ce sun yi kiwo tare da mahaifina shekara tara. Sunansa fa? "Cindo mana!" A kasuwar dabbobi ta Maigatari dillalai suka kwatanta min tsayinsa, da sandarsa, har da tarinsa, suna kuwa babu. A Gumel wani akawu ya buɗe min ɗakin tsofaffin takardu, muka tarar gara ta riga mu karantawa. Kawun da zan tambaya ya riga ya mutu. Limamin da ya ɗaura auren iyayena ma ya daɗe a ƙasa.

Saura mutum ɗaya, mahaifiyata Rahamatu. Bafulatana ce ta gaske, ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, yana raye ko yana mace. "Mai gidan nan" take cewa, alhali gidan ma ya rushe. Na roƙe ta, na lallaɓa, har na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna, gonar za ta tafi!"

"Ai ka san shi," ta ce, ta ci gaba da kaɗa nono a ƙwarya.

Ranar shari'a na ja ta zuwa kotu, ina tsammanin idon alƙali zai buɗe mata baki. Ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Baiwar Allah, yaya sunan mijinki?"

Ta nuna ni da haɓa. "Ga shi nan tsaye gabanka, ranka ya daɗe."

Kotu ta fashe da dariya. Manu ya ce tsohuwa ta ruɗe, ta mai da ɗanta miji. Ni ma haka na ɗauka, kuma na ji haushinta har cikin ƙashina. Alƙali ya sake tambayata, na ce ban sani ba. Ya bar wa Manu gona, tunda tana hannunsa. Sannan ya sa akawu ya juya takardar ya karanta.

"An ba Ɗahiru wannan gona."

Na yi tsalle. "Sunana ne! Wallahi sunana na yanka ke nan!"

"Bayan ka ji an karanta?" in ji alƙali. Ya duba takardar ƙarata. "Nan Ubale ka ce a rubuta."

A hanyar gida ina tura keke, tana biye da ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta ba ni haƙuri ba. Da muka zo gefen gonar, geron Manu ya kai ƙugu, ta tsaya ta dube ni.

"Shekara ashirin da shida ban kira ka da suna ba," ta ce. "Ba ka taɓa tambayar dalili ba?"