Reshen Magarya a Gadar Vaal

Motar ba ta cika shekara a hannuna ba ranar da ta mutu mana a kan hanya. Ko ledar kujerun baya ban gama cirewa ba. Ni ce mai zuwa gareji tun kafin lokacin duba inji ya yi, har masu aikin wurin suna tsokanata wai jaririya nake reno. Shi ya sa da aka tashi ɗauko Yaya Bhekani daga birnin Goli, babu wanda ya yi maganar motar haya. Motar Hlengiwe, in ji dangi, ai sabuwa ce fil.

Gawarsa tun bara muka binne ta a gida, a Msinga. Amma mutum idan ya mutu a nesa, kurwarsa tana nan inda ya faɗi har sai an je an taho da ita. Shi kuwa daga saman wani gini ya faɗo a wurin aiki. Tun daga lokacin Innarmu ba ta yi barcin kirki ba. Kullum tana mafarkinsa a tsaye a bakin wani titi da kayan aikinsa, yana tambayar masu wucewa hanyar gida. Ta rame har zanin makokinta yana zame mata. Ni nas ce, na ba ta magunguna iri-iri, ta sha don kada na ji haushi, washegari ta ba ni labarin mafarkin nan dai.

Baffa Qaphela, ƙanin mahaifinmu, shi ya saro reshen magarya daga bayan gida, muka tafi. A gindin ginin ya durƙusa, ya ja reshen a ƙasa, ya kira Bhekani da sunansa da na kakanninsa, ya ce masa ya taso, ga motar ƙanwarsa ta zo. Daga nan bakinsa ya rufu ga duk mai rai. Mai riƙe da reshe ba ya magana da kowa sai mamacin, ba ya waiwaye, kuma duk abin da aka wuce sai ya faɗa masa, musamman kogi, don kurwa ba ta haye ruwa sai an gaya mata.

Ya zauna a baya, ya ɗora reshen a kujerar gefensa. Ina tuƙi ina jinsa ƙasa-ƙasa. Bhekani, mun fita gari. Bhekani, za mu tsaya shan mai, kada ka sauka. Gaskiya ni ban san ko na yarda da abin ba. Abin da na sani shi ne Inna tana can bakin shinge tun safe, an ɗaure akuya, an dama giyar dawa, tana jiran ɗanta.

Mun wuce garin Warden da kaɗan jar fitilar baƙin mai ta kama. Kafin na gama kallonta inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi, na taka totur motar ta ƙi ja. Na samu na gangara gefen titi, ta yi wata irin jijjiga ta yi tsit. Na murɗa makulli, ba ta ko yi tari ba. Wani siririn hayaƙi yana fitowa ta gaban gilashi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita na kira kamfanin da suka sayar min da ita, na zazzage wa wata baiwar Allah duk abin da ke cikina. Ta bar ni na gama, sannan ta ce garanti yana nan, za su turo janwe ya mayar da motar garejinsu na Goli. Amma kada kowa ya taɓa injin, kuma ni mai motar in biyo ta. Idan ba zan iya ba, to lallai in amsa wayar injiniyansu kafin su tashi aiki, ya ji daga bakina yadda abin ya faru, in ba haka ba kada in yi kuka da su.

Na leƙa ta taga na faɗa wa Baffa, ko da yake na san ba zai amsa ba. Na ce shi ya hau motar haya da reshen su wuce gida, ni na koma da tawa. Bai dube ni ba. Sai na ga ya damƙe reshen, har ƙayar ta soke shi bai ji ba.

"Bhekani," ya ce, "ka yi haƙuri, ɗana. Tsufa ne. Barci ya sace ni, na farka na ga mun riga mun haye kogin Vaal ban gaya maka ba. Na ɓoye abin na ci gaba da surutu don kunya. Na san ba ka cikin motar nan. Kana can bakin ruwa a tsaye."

Da reshen yake magana, amma ni aka gaya wa. Na tuna lallai na ji shiru daga baya wajen gadar, na ɗauka hutawa yake yi. Na so in ce masa inji ne, Baffa, ƙarfe ne da roba, ba ruwansa da kogi. Amma abin da ya zo min a rai shi ne mafarkin Inna, yayana a tsaye da kayan aikinsa, wannan karon a bakin gada, yana kallon motar da aka ce ta zo dominsa tana tafiya ba shi.

Rana ta karkata kafin janwen ya iso. Direban wani mai faɗin kafaɗa ne, Tshepiso, ɗan wajen Harrismith. Ya ɗaga murfin inji ya sunsuna, ya ce ba ni ce ta farko ba. Irin wannan injin, in ji shi, akwai wani bel na roba a ciki da yake ruɓewa da wuri, ɓarɓashinsa ya toshe hanyar mai, shi ke nan. Ya ce in gode Allah garanti bai ƙare ba, don sabon inji ba abin da albashin nas zai ɗauka ba ne. Yana cikin ɗaure motar ya hango Baffa ya fito da reshe, sai ya cire hularsa.

Muka matsu a gaban janwen, Baffa a tsakiya, reshen a cinyarsa. Muka juya muka kama hanyar da muka fito. Baffa bai ce da reshen komai ba duk tsawon tafiyar, tunda a wurinsa babu kowa a ciki.

Da muka kusa kogin na roƙi Tshepiso ya tsaya mana a ƙetaren gada. Ya ce shi ma kakarsa da reshe aka kai ta gida, ya san abin, amma akwai na'ura a motar da ke nuna wa ofis duk inda ya tsaya, kuma watan jiya aka kori wani a kan haka. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce zan kira ofishin da kaina. Ya ce in yi haƙuri, 'ya'ya gare shi. Tayoyin suka hau gada, ruwan yana wucewa a ƙarƙashinmu, ja da laka. Muka sauka ɗaya gefen bai rage gudu ba.

Sai Baffa ya ɗora hannu a kan gwiwar direban.

"Ɗana, don Allah ka tsaya. Yaron yana nan."

Tshepiso ya taka birki har motata ta yi ƙara a baya. Ya san abin da tsohon ya yi wa kansa da wannan magana, ni ma na sani. Baffa ya riga ya yi magana da mai rai, reshen ya fita daga hannunsa ke nan.

Muka sauka mu biyu. Iska tana kaɗa rigar Baffa, manyan motoci suna wucewa suna girgiza ƙasa. Na ce masa mu koma gida a sake shiri, a turo wani namiji daga dangi. Ya girgiza kai. Ya ce Inna ba za ta kai wani shirin ba, in dube ta da idon nas in faɗi gaskiya. Ya ce tun ina ƙarama idan Bhekani ya yi fushi ya shige daji, babu mai dawo da shi sai ni.

"Karɓi, 'yata. Ke zai ji."

Tshepiso ya leƙo ta taga ya ce, "'Yar'uwa, zan kai ta lafiya. Amma ki riƙe wayarki a kusa, kafin su tashi za su kira ki."

Na ɗaga masa kai. Na tsaya ina kallon motata a ɗaure a bayan janwe, ledar kujerunta tana walƙiya ta gilashi, har ta yi nisa. Ban ɓoye ba, na ji zafinta. Shekaru na yi ina aikin asibiti ba hutu kafin na mallake ta.

Sannan na miƙa hannu na karɓi reshen. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na durƙusa a kan tsakuwa kamar yadda na ga Baffa ya yi da safe, na ja shi a ƙasa, na kira sunan yayana da na kakanninmu, Baffa yana tuna min waɗanda na manta daga bayana. Na miƙe na fuskanci gadar. A can ƙetare akwai gidan mai inda motocin Ladysmith, masu bin hanyar gida, suke tsayawa.

Ban yi taku nawa ba wayar ta fara ruri a aljihuna. Na san ko su wane ne. Ta yi ta katse, ta sake farawa. Ina jin takun Baffa a bayana.

"Yaya," na ce, "Hlengiwe ce. Motar ta lalace, da ƙafa za mu. Ga kogin Vaal a gabanmu, ka biyo ni mu haye. Inna tana jira."