Wanda Ya Lanƙwasa Jela

Ɗakin awonmu ba a shiga da turare, ba a ƙure fitila, ɗuminsa kuma irin na jikin mutum ne. Ni dai ban taɓa sakewa da shi ba, sai in ji kamar a cikin wani nake aiki.

Ran nan da safe na narkar da daskararren maniyyin wani direba, kwalba ta ƙarshe cikin waɗanda ya ajiye kafin ciwo ya kwantar da shi. Yana sama a asibitin, an daɗe bai motsa ba, bai yi magana ba. Matarsa kuwa an cire mata ƙwai don a haɗa su da maniyyin, tana kwance bayan tagar gilashi, tana kallon allon da ke nuna abin da nake gani a madubin likita.

Na duba. Ƙwayoyin maniyyin duk sun miƙe samɓal, ko ɗaya ba ya iyo.

"Sun mutu ne, Anti?" ta tambaya ta lasifika.

"Rashin motsi ba mutuwa ba ne, ƙanwata. Akwai ruwa mai ƙarancin gishiri da muke sa su. Mai rai zai sha, ya lanƙwasa jela. Matacce ko a jikinsa."

Na zuba su a ruwan, na bi su ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara yaji. Shiru. Sai can a gefe wani ya naɗe jelarsa a hankali, kamar mai yafito mutum da yatsa.

"Haka maigidana yake yi min," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da ɗan yatsansa, in na shiga wajensa. Likitoci suna cewa ba komai ba ne."

Na ji haushin kaina da ban kashe allon ba, don na san abin da ke biye. Kafin a tura ƙwayar cikin ƙwai dole a danne jelar da bakin allura a karya ta, in ba haka ba ƙwan ba ya karɓa da kyau. Na yi wannan ya fi a ƙirga, ban taɓa jin komai ba.

Na ɗora allurar. Na tsaya, ban danna ba.

"Anti, me za ki yi masa?"

"Zan tsayar da shi ne, don ya shiga."

Ta ƙura wa allon ido.

"To ki yi masa magana tukuna," ta ce. "Yana ji."