Ɗakin da Magini Ya Gina wa Matarsa

Hannunsa na dama ya gaji, sai ya mayar da guntun kwalin hannun hagu, ya ci gaba da yi mata fifita. Fankar ɗakin jinyar tana juyawa kamar an yi mata dole. Matarsa tana kwance a gado na uku daga ƙofa, an ɗaura mata ƙarin ruwa, idanunta a lumshe. Jiya bayan azahar maƙwabciya ta tarar da ita yashe a bakin ƙofar ɗakinta, numfashi na fita da ƙyar.

Likita ya leƙo, ya yafito shi da hannu. Suka tsaya a baranda.

"Baba, zuciyarta ce ta yi rauni," in ji likitan. "Magani zai riƙe ta, amma zafi ba zai ƙyale ta ba. A wane irin ɗaki take wuni?"

Baba Magini ya ɗan gyara tsayuwa. Shekara talatin da biyu yana gini, kuma duk unguwar an san katangar da ya ja wa igiya ba ta karkacewa.

"Ɗaki ne mai kyau, likita. Da hannuna na gina shi. Bulo mai kauri, rufin kwano. Shekara goma sha takwas, ko tsaga bai yi ba."

"Da silin?"

"Ba a kai ga sawa ba."

"Taga nawa?"

"Ɗaya."

Likitan ya juya biro a hannu. "Jibi zan sallame ta, don akwai masu jiran gadon. In ta koma ɗakin nan yadda yake, kafin mako za ku dawo mini. Kuma ban yi maka alkawarin za ta sake tashi ba."

"In ƙara mata fanka?"

"Awa nawa kuke samun wuta a rana?"

Baba Magini ya kawar da kai. Wani lokacin kwana biyu suke yi ba su ga ƙyallinta ba.

Da 'yarsu ta fari ta zo ta karɓe shi, sai ya tafi gida ɗebo wa maras lafiyar kayan sawa. Ƙarfe biyu saura ya tura ƙofar ɗakin. Ƙafa ɗaya ya sa, ya tsaya cak. Zafin ya doke shi a fuska kamar an buɗe tanda. Kwanon yana ƙas-ƙas a samansa. Ya dafa bango ya janye hannu da sauri. Kyandir ɗin da ke kan kabad ya lanƙwashe har kansa ya taɓa faranti.

A nan ne ya tuna bai taɓa shiga ɗakin nan a irin wannan lokaci ba. Kullum da sassafe yake fita, sai rana ta faɗi yake dawowa, ya watsa ruwa, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. In ya shigo kwanciya ya ji ɗumi, sai ya ce ai bana ce ta zo da zafi. Ranar hutu kuwa a majalisar ƙofar gida yake wuni.

Ya duba ƙasa. A bayan ƙofa, daidai inda 'yar iska ke shigowa ta ƙarƙashi, akwai matashi da tsohon zane a shimfiɗe a kan siminti, da ƙaramin bokiti, tsumma a ciki ya bushe ƙamas. Ashe a nan take kwanciya ke nan. Shekara goma sha takwas, ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa ɗakin ya dame ta ba.

Ya fito ya zauna a bakin rijiya, gumi na bin bayansa. Mutum ɗaya ce ta faɗo masa a rai, kuma ita ce ta ƙarshe da yake son ya je wa.

Shekara huɗu da suka wuce an ɗauke shi aikin wata makarantar firamare. Injiniyar da ta zana ginin yarinya ce sa'ar 'yarsa, daga ofishin tsara gari. Ta ce da tubalin jar ƙasa za a yi, wanda ake matsewa a inji. Ta ce a ɗaga rufi a bar rata tsakaninsa da bango, a sa tagogi suna kallon juna, kada a sare bishiya ko ɗaya. Shi ne ya raɗa mata suna Mai Laka, leburori suka ɗauka. Aji biyu ya gina, ran nan a gaban kowa ya ce mata shi bai baro ƙauye don ya dawo kwaɓa ƙasa a birni ba, ya tattara kayan aikinsa ya tafi. Bara da ya je ɗaukar jikarsa a makarantar, ya shiga ɗaya daga cikin azuzuwan da tsakar rana, ya ji sanyi kamar a gindin randa. Bai gaya wa kowa ba.

Ya wanke fuska, ya sake riga, ya fita titi ya hau bas.

Ofishin yana hawa na biyu. Ya daɗe a ƙasan bene yana shirya abin da zai ce, da ya hau kuma duk ya zube. Ya same ta sunkuye a kan babbar taswira, ta danne gefe ɗaya da kofi, ɗaya da waya. Ta ɗago, ta dube shi, ta cire tabarau.

"Baba Magini? Sannu da zuwa. Mai Laka na gaisuwa."

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma murmushi take yi, har ta jawo masa kujera. Bai zauna ba. A tsaye ya faɗa mata komai, likita da jibi da shimfiɗar bayan ƙofa. Da ya zo kan shimfiɗar sai ya juya yana kallon taga.

Ta naɗe taswirar. Ta leƙa ofishin da ke kusa ta ce ta fita duba wani gini, ta ɗauki jakarta da makullin mota.

"Mu je in gani, Baba. Rana na tafiya."

A ƙofar ɗakin ta cire takalmi, ko da yake ya ce ta bar shi. Ta ajiye ɗan ma'aunin zafi a kan gado, ta fita ta zagaya gidan, ta dawo ta duba.

"Arba'in da bakwai. A waje arba'in da ɗaya ne. Da a titi Mama ta wuni, da ya fi mata sauƙi."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ta fi shigarsa. Ta nemi tsani, ta tattare bakin doguwar rigarta ta hau, ta leƙa saman bango.

"Ka gani, Baba, kwanon ya zauna daram a kan bulo. Zafi in ya shiga ba shi da hanyar fita. Za mu cire shi, a ƙara layi biyu na bulo a bar ramuka, a mayar. A yi masa farin fenti ta sama. A ƙasa kuma a sa silin."

"Silin kafin jibi?"

"Ba sai na kanti ba. Asabari biyu in aka haɗa, sun fi shi tare zafi. Sannan taga ta biyu, a bangon da ke kallon wannan, don iska ta shiga ta fita."

Ta sauko ta buga ƙafa a simintin tsakar gidan, wanda ya shafe tun daga ƙofa har banɗaki. Ta dubi kututturen da ke gefe.

"Bishiya ce a nan?"

"Ganye take zubarwa," ya ce a hankali.

"To. Wannan ba na jibi ba ne. Amma in Mama ta warware, a fasa simintin nan ko rabi ne, a dasa wata. Shi ma wuta yake hura wa ɗakin, kuma in an yi ruwa duk titi yake turawa."

Ta zauna a kan turmi ta fara zane a bayan wata takarda. Ya tsuguna kusa da ita yana kallo. Da ta zo kan ratar rufin, sai ya sa yatsa.

"Nan akwai gyara, Injiniya. In kika bar shi haka, iskar farkon damina za ta shiga ta ƙasa ta yaye shi gaba ɗaya. Sai an binne rodi a cikin bulo, a naɗo shi a kan katakon rufin. Ramukan kuma a sa musu raga, in ba haka ba tsuntsaye za su tare a ciki."

Ta dakata da zanen, ta dube shi.

"Ka san abin da ya faru da mu ke nan? Bayan ka tafi, daminar farko, rufin azuzuwa uku ya tashi ya sauka a filin ƙwallo. Allah ya sa ranar babu yara. Saura kaɗan a kore ni."

"Ban ji ba."

"Biyun da ka gina ko motsi ba su yi ba. Na hau na duba, na ga ka ɗaure su da rodi, alhali ban sa a zane ba. Daga nan na koya. Na so in zo in yi maka godiya, na ji tsoron kada ka kore ni da cebur."

Dariya ta ƙwace masa, ta farko tun jiya. Da ta lafa sai ya sunkuyar da kai.

"'Yata, abin da na yi miki a gaban mutane..."

"Ya wuce, Baba. Kuma sunan ya bi ni. Har shugabanmu da shi yake kirana, yanzu in an ce Injiniya ma ba na waiwayawa." Ta miƙa masa fensirin. "Zana yadda za a ɗaure."

Ya zana. Ya kira abokinsa kafinta, wanda suka yi shekara ashirin suna aiki tare. Kafin la'asar ta yi sanyi sai ga shi da guduma da mutum biyu, ko tambayar komai bai yi ba sai jikin maras lafiya. Maƙwabta suka taya fitar da gado da kabad. Maƙwabciyar da ta tsinci matar ta aiko da asabarinta, ta ce ba ta son a dawo mata da shi.

Baba Magini ya ɗauki alli ya nufi bangon da za a fasa.

"A tsakiya zan sa ta?"

"Ban sani ba," in ji Injiniya. "Gidajen nan sun matse juna, iska tana da hanyarta a tsakaninsu. Awa biyu na yi a gidan nan, kai kuma ba ka wuni. Mama za ka tambaya."

Ta tafi bayan ta ce za ta aiko da fenti da safe, akwai ragowar wani aiki da ke neman bushewa a sito. Ya raka ta har mota. Ya so ya faɗi wani abu mai tsawo, bai samu ba.

"Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifa," ya ce.

"Amin, Baba. A gaishe da Mama."

Shi ya hau ya zare ƙusar farko. Kafin rana ta faɗi kwanon duk yana jingine a katanga, ɗakin ya buɗe baki yana kallon sama.

Ya isa asibiti ana saura kaɗan a rufe ganin marasa lafiya. An cire mata ƙarin ruwan, an jingina ta da matashi, 'yarsu tana ba ta shayi a cokali. Matar ta dubi ƙurar da ke kansa da tsatsar da ke hannunsa.

"Malam, aiki ka je?"

"Rufin ɗakinki na cire."

'Yar ta ajiye cokalin. Matar ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗakin da kake kai baƙi su gani?"

"Shi." Ya zauna a bakin gadon. "Maman yara, me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ranar da ka gama shi, ka kira ni ka ce in shafa bangon in ji. Fuskarka kamar an ba ka sarauta. Ta ina zan fara?"

Ya zaro takardar daga aljihu, ya warware ta a kan cinyarta, ya nuna mata ɗakin da ƙofa da bangon da za a fasa.

"Taga za a ƙara. An ce ke za ki faɗi inda iska take."

Ba ta ko yi tunani ba. Ta ɗora yatsa a kusurwa.

"Nan, ta wajen lungun banɗaki. Daga azahar take fara zuwa, ta tsakanin gidanmu da na maƙwabta. Can nake zuwa in tsaya in zafi ya ishe ni. Kuma kada ka kai tagar sama kamar waccan. Ka sauko da ita, yadda in ina zaune iskar za ta same ni."

Ya ciro fensir daga bayan kunne ya yi alama daidai inda yatsanta yake.

"Kamu nawa daga ƙasa?"

Ta ɗaga hannu a hankali, ta tsayar da shi daidai kafaɗarta. Ya tashi, ya durƙusa a gefen gadon, ya fara aunawa da hannunsa daga ƙasa zuwa inda ta nuna.

"Kada ki motsa," ya ce. "Bari in sake, in tabbatar."