Jirgin Ruwan Wada a Lungun Hindawiyya

Ina tsakiyar wanke shinkafa famfo ya yi tari ya ɗauke. Ban ɓata lokacin zargin kowa ba, na yafa abaya na leƙa ta taga. Ga shi nan kuwa, Wada maƙwabcinmu na hawa na biyu, tsofai-tsofai da shi, ya naɗe hannun riga yana shayar da jirgin ruwa da tiyo sai ka ce mai lambun albasa.

"Ya Ammu Wada! Ruwan gidan nan namu ne ko na katako?"

"Sabahal khair, Ummu Hatim," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ɗan kaɗan ya rage. Gefen hagu bai sha ba."

"Mu ma ba mu sha ba!"

Jirgin ruwa nake nufi, na gaske, na katako, a lungunmu na Hindawiyya, a Makka, garin da duk inda ka juya dutse ne. Wada ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas ɗin alhazai a tashar Kudai. Da ya ajiye aiki, maimakon ya riƙe carbi kamar sa'o'insa, sai ya tafi bakin teku a Shu'aiba ya sayo wannan gawar a hannun wani masunci, Abdulganiyyu. Motar ɗaukar matattun motoci ce ta kawo shi, aka girke shi kan tsofaffin tayoyi daidai ƙarƙashin tagata. Ni kuwa ɗinki nake ci da shi, kuma hasken tagar nan shi ne idona.

Abin da Wada bai sani ba, jirgin katako ba ya son tudu. Cikin 'yan makonni zafin Makka ya tsotse shi, katakan suka tsuke, har kana hango ƙasa ta tsakaninsu. Ya buga wa Abdulganiyyu waya, shi kuma ya ce a riƙa jiƙa shi safe da yamma, a cusa auduga a kowace tsaga, a shafe da man kifi. Daga ranar muka shiga uku. Tanki ɗaya gare mu duk gidan, in ya ƙare sai a jira wayit, motar da ke kawo ruwa. Ga ƙwanƙwasar kurfi da guduma tun hantsi. Ga warin man kifin, wanda ya tara mana magunan Hindawiyya da na unguwar Tandabawi a ƙofar gida. Wata amarya ta dawo mini da riga ta ce ƙarni take yi.

Na sauka na same shi ranar, raina a ɓace.

"Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ka iya iyo ma kuwa?"

"Ko kaɗan."

"Ka taɓa tuƙa jirgi?"

"Mai tuƙa bas ranar Arfa, wane tuƙi ne zai gagare shi?"

"To don Allah me ya kai ka?"

Ya ajiye gudumar ya share gumi. "A irin wannan mahaifiyata ta haye da ni daga Sawakin ta Sudan. Ina goye, ina barci. Kowa a gidanmu yana da labarin tekun nan ban da ni. So nake in ga abin da na wuce, ido buɗe."

Na so in ce masa akwai jiragen haya a Jidda, masu inji da rigar iyo. Na kuwa faɗa. Ko a jikinsa, an mintsini kakkausa.

Sai maganar shira'i ta taso, wato ƙyallen da iska ke turawa. Wada ya hau mini bene da buhu guda na tsofaffin haramin alhazai, wai in haɗa masa su, tufa ce mai albarka. Matarsa Maryama tana bayansa tana yi mini alama da ido in yi haƙuri. Na ɗinka, don maƙwabtaka. Abdulganiyyu ya ga hoton a waya ya yi dariya har ya ƙware, ya ce wannan tawul ne, ruwa zai sha ya kifar da jirgin. Wada ya koma kasuwar gwanjo ya jajibo tsohon tanti mai kaurin fatar raƙumi. Allurar kekena ta yi ta karyewa har na daina saya, na koma ɗinkin hannu da basilla. Ina ɗinki ina mita, yana tsaye bakin ƙofa yana cewa, "Allah ya yi miki albarka, ki ɗan ƙara matse gefen nan."

Da sanyi ya fara shigowa ya gama cusa audugarsa. Ya tare ni a matakala, fuskarsa kamar ta ango.

"Abu ɗaya ya rage. Abdulganiyyu ya ce kafin a kai shi teku a cika cikinsa da ruwa. In ƙasa ta kwana a bushe, aiki ya yi. In ya ɗiga, a sake lale."

"A cika shi? Da wane ruwan?"

"Tankinmu..."

"Sai dai bayan raina. Khalas!"

Ranar na sa kwaɗo a famfon waje na rataya makullin a wuyana. Duk gidan suka goyi bayana, har Maryama a ɓoye. Wada bai yi fushi ba, wanda ya fi komai ƙona mini rai. Ya ce ma'alesh, ba komai, zai kira wayit nasa na kansa.

Bai kira ba. A makon nan ya yanke jiki ya faɗi a masallaci. Zuciya ce. Aka riƙe shi a asibiti, aka sallamo shi da ƙafafu a kumbure da ledar magunguna, kuma duk wanda ya ga yadda Maryama ke shimfiɗa masa gado ya san ba sallamar warkewa ba ce. Ya sa aka juya gadon ya fuskanci taga, ko da yake daga kwance ba abin da yake gani sai bangon gidan gaba.

"Yana bushewa," in ji shi ranar da na je dubiya. "Ina jin ƙararsa."

"Ka ji da kanka, ya Ammu. Katako ne."

Na fito ina tsaki. Da yamma sai ga ni da tiyo a hannu, na buɗe kwaɗon da ni na sa, ina shayar da gefen hagu, matan lungu suna kallona ta tagogi. Kunya kamar in nutse. Cikawa dai na ce ba zan cika ba, kuma ban cika ba.

Ran wata Talata bayan azahar hadari ya haɗo ta kan duwatsu. Wanda ya san Makka ya san ruwanta, ba ya zuwa sai ya zo da faɗa. Lungunmu ya koma kogi, takalma da robobi suna wucewa. Indararon rufin gidanmu kuwa daidai tsakiyar jirgin yake zuba. Kafin la'asar ruwa ya kai katakon zama.

Maryama ta ƙwala mini kira daga sama. Na hau na tarar da Wada ya yunƙura kan matashi, numfashi yana yi masa wuya.

"Ya cika?"

"Ya cika taf. Ka samu abin da kake so, a kyauta."

"Yana ɗiga?"

Na sauka, na tsuguna cikin taɓo da abayata, na leƙa ƙarƙashinsa. Ruwa ta ko'ina, daga gefe, daga tayoyi, daga bango. Na koma sama a jiƙe, haushi ya ishe ni.

"Duniya duk ta jiƙe, ta ina zan gane? Wallahi ban sani ba."

Maryama ta harare ni. Na gane abin da take so in ce, amma bakina ya ƙi. Mutumin nan ya zuba ƙarfinsa a tsagogin nan, ba zan sallame shi da ƙarya ba.

"Tayyib," ya ce a hankali. "A bar ƙasa ta bushe. Ki duba mini."

Gari ya kwana da lumshi, rana ba ta fito ba. Da hantsin Laraba na leƙa, ƙarƙashin jirgin na nan sharkaf. Ina miƙewa na ji salatin Maryama daga hawa na biyu.

Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar. Kwanakin zaman makoki ina wajen Maryama, ina zuba gahawa, ina miƙa dabino. Na ji haushin Wada a kwanakin nan fiye da duk wanda na taɓa ji. Mutum ya hana ka ruwa, ya hana ka haske, ya karya maka allurai, sannan yini ɗaya tak ya gagare shi jira. Na shiga kicin na yi kukana inda ba mai gani.

Da aka watse, da safe, na sauka. Rana ta dawo da ƙarfinta, lungu ya bushe ƙayau. Na durƙusa na tura hannu ƙarƙashin jirgin, na bi shi tun daga gaba har baya, tsaga bayan tsaga. Ƙura ce kawai ta biyo tafina.

Na miƙe na leƙa ciki. Ruwan yana nan daf da katakon zama, shiru, sararin sama kwance a kansa. Tattabaru biyu suka sauko suka tsaya a bakin jirgin, suka sunkuya suna sha.