Jan Hatimin Malam Kuramochi

Kwanon kabewar da ta kawo masa ne ya fara faɗuwa, sannan muryar Mitsue ta fito.

"Malam! Malam Kuramochi! Wayyo ni, Malam, tashi!"

Tsohon na kwance ruf da ciki a kan dogon katakon da yake gittawa bisa takarda in zai yi zane a ƙasa. Hannu ɗaya na lilo, buroshi ya gangara can gefe. Ta taɓa wuyansa ta ji sanyi ƙalau. Ta ja da baya har ta bugi ƙofa.

Mutumin da jiya jiyan nan ya leƙo ta kan shinge yana cewa, "Mitsue, gishirin garin nan kaf a tukunyarki ya ƙare?" Ita kuma ta ce, "In ba ka so, dawo min da kwanona, tsohon banza." Shekara talatin da ɗaya suna maƙwabtaka, kullum haka suke. Yau ta rage gishirin ma.

Da ƙyar ta danna waya. Aka ce motar asibiti na tafe, amma daga gari zuwa ƙauyen sai an yi minti ashirin. Ta durƙusa kusa da shi, ta rasa inda za ta sa idonta. Sai ta sa shi a kan takardar.

Irin zanensa ne da dattawan sana'ar suka daɗe suna yi wa tsaki. Gajimare na zinariya kamar na ƙofofin tsofaffin gidajen ibada, amma a ƙarƙashinsu ga fadamar shinkafar ƙauyen yadda take a yau, da turakun lantarki, da magudanar siminti, da balbelu jere a kan waya. Mutum kuwa bai taɓa zanawa ba. Cewa yake, "Tsuntsu ya fi ku natsuwa."

To amma ga mutum. Can gefen fadamar, ɗan ƙarami, bai fi babban yatsa ba. Ya sunkuya, kafaɗar hagu ta zube, tawul a wuya, ƙafar wando ɗaya a naɗe ɗaya a sake.

"Genzo," in ji ta.

Mijinta ne, shekara shida da rasuwa. Hotonsa ɗaya tak ke gidanta, na ranar bikin ƙaninsa, cikin kwat, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama da sata. Wannan kuwa shi ne sak, yadda take hango shi daga tagar kicin. Kuka ya ƙwace mata.

Tana cikin kukan ta dubi kusurwar takardar. Babu hatimi.

Duk ƙauyen an san dokar Malam. Kalolinsa daga dutse yake niƙa su, ya kwaɓa da danƙon fata, kuma ruwan zafi na narkar da danƙon. Duk zanen da bai buga wa jan hatiminsa ba, wankewa ake yi, a tace garin dutsen a mayar kwalba. "Wanda babu hatimi ba nawa ba ne, na buta ne," haka yake cewa. Ita kanta sau nawa ta dafa masa ruwan tana mita? Kuma ya sa 'yarsa ta yi masa alkawari a gaban Mitsue cewa haka za a yi, ko bayan ransa.

Hatimin na nan kan ɗan tebur, dutse ne siriri, kusa da gwangwanin jan tawada.

Kai, abin kunya ne, ta san da haka. Gawar mutum a gabanka, ko rufe ta ba a yi ba, kana taɓa masa kaya! Ta miƙa hannu ta janye. Can ƙasan tudu ta ji jiniya.

"Malam, ka yafe min," ta ce. "Kai ka jawo, wa ya ce ka zana shi?"

Ko tabarau ba ta saka ba. Ta dangwala hatimin a tawadar, ta danna shi a kusurwar takardar da hannu biyu, ta mayar da dutsen wurinsa.

Likita ya ce zuciya ce, tun da sassafe. 'Yan sanda suka yi tambayoyinsu suka tafi. La'asar Norie, 'yar Malam, ta iso daga Kyoto da jaka ɗaya, ido jawur. Aka shimfiɗe shi kai na kallon arewa, aka rufe fuskar da farin ƙyalle, aka kunna turare. Mitsue ta yi ta zirga-zirga da shayi, ko sau ɗaya ba ta yarda sun haɗa ido da Norie ba.

Kwana biyu bayan an ƙone gawar bisa al'adarsu, Norie ta ƙwanƙwasa mata.

"Inna, zo ki taya ni. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Buta na huci a ɗakin zanen. Zane biyu suka samu marasa hatimi. Norie na zuba ruwa, Mitsue na riƙe da kwano. Zanen wani dutse mai ƙanƙara ya narke ya zama ruwan toka. Reshen furanni ya bi shi. Yarinyar na yi tana sharar hanci da bayan hannu.

"Shi da taurin kai," ta ce. "Ya tafi ya bar ni da wannan aiki."

"Haka yake tun yana da baƙin gashi."

Suka zo kan babban, mai fadamar shinkafar. Norie ta ajiye butar, ta durƙusa a kusurwa. Ta daɗe a nan.

"Inna."

"Na'am."

"Hatimin nan a juye yake. Kansa na ƙasa."

Mitsue ta leƙa kusurwar. Rubutun hatimi irin na da ne, murɗaɗɗe, wanda bai saba ba ba zai gane sama da ƙasa ba.

"Tun ina 'yar shekara biyar nake kallon Baba yana buga shi. Sai ya duba sau uku, ya hura masa iska. Ko yana zazzaɓi bai taɓa juya shi ba."

Mitsue ta ajiye kwanon. Ta zube a kan tabarma, ta kifa goshi a ƙasa.

"Ni ce, 'yar nan. Ni ce. Yana kwance a nan, ko sanyinsa bai bar hannuna ba, na yi. Ki zuba ruwanki, alkawari kika yi."

Norie ta bi takardar da ido, daga gajimaren zuwa balbelun, zuwa gefen fadama. Nan ta tsaya. Ta sa hannu ta rufe baki.

"Baba Genzo ne! Har da ƙafar wandon."

"Shi ne."

"Babana bai taɓa zana ko ni ba."

Wannan maganar ta fi ruwan zafin ƙuna. Mitsue ta ɗago, ta san gaskiya ce.

Norie ta miƙe, ta ɗauki butar. Ta tsaya a kan zanen, tururi na tashi tsakaninsu. Sai ta juya ta fita baranda, ta tuntsurar da ruwan a kan tsakuwa har ɗigon ƙarshe.

"Kwanakin nan hannunsa na rawa," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Wanda ya tambaya, haka zan ce. Kama can gefen, Inna, kada ki lanƙwasa shi."

Suka fito da shi a kwance tsakaninsu, suka nufi gidan Mitsue, suna tafiya a karkace kamar masu ɗauke da kwano cike da ruwa. A tsakiyar lungun iska ta ɗaga gefe ɗaya, suka tsaya cak, suka jira ta lafa.