Kwana Tara a Littafin Kawu Det

Wirat ne ya kashe mijin yayarsa. Bai ɗauki wuƙa ba, bai zuba masa guba a abinci ba, har da shi aka yi kuka ranar makoki. Amma shi ya kashe shi, kuma duk mutanen layin sun san haka. Wanda ya fi kowa sani shi ne Tongsuk mai gyaran babura, don shinge ɗaya ne tsakaninsa da gidan, kuma a gabansa aka yi komai.

Safiyar da abin ya fito fili, Tongsuk yana tsaye a bakin titi riƙe da wayar Lamduan, yayar Wirat, yana ɗaukar ta hoto ita da mijinta a ƙofar gida.

"Matsa hagu, Kawu Det, kanka ya rufe lambar gidan."

"Sanƙon ne ke ƙyalli, Yaya Suk," in ji Lamduan. "Ka ɗauka haka, 'yan ofishin ma sun san shi."

Tsohon ya matsa yana jan kumburarrun ƙafafunsa, ya dafa ƙofa sai da numfashinsa ya dawo. Sunansa Desmond, tsohon direban bas ne daga Ingila, amma bakin mutanen ƙauyen ya gutsure sunan ya koma Det. Shekara goma sha shida ke nan da ya auri Lamduan, ya gina wannan gida a filin uwarta, ya dasa tsamiya a tsakar gida. Shekarunsa saba'in da shida. A can garinsu ba shi da kowa, sai kabarin wata ƙanwa.

Kowace shekara in zafi ya tsaya sai an yi wannan hidima ta sabunta masa izinin zama a ƙasar. Hoto a ƙofa, lambar gida tana fitowa sarai, shi ya sa tsohon yake sake mata fenti da hannunsa. Hoto suna zaune a bakin gado. Taswirar hanya daga ofishin shige da fice zuwa gidan, zanen hannu. Sai maƙwabci ɗaya da zai sa hannu cewa auren na gaske ne, kuma tun farko Tongsuk ne wannan maƙwabcin. Sai babban abin: bat dubu ɗari huɗu, kuɗin ƙasar, a asusun banki mai sunan mijin shi kaɗai, su kwanta wata biyu cur kafin ranar zuwa ofis, ko bat ɗaya kada ya fita ko na yini guda. In an cika, a buga masa hatimin shekara ɗaya. In ba a cika ba, shi baƙo ne, ya tattara.

Kawu Det bai taɓa taɓa kuɗin nan ba. Fanshonsa tun da ya zo ba a ƙara masa ko kwabo ba, kaya kuwa kullum tashi suke. Rufin ɗaki ya yi yoyo, ya ajiye bokiti. Likita ya ce a yi masa aikin zuciya a asibitin kuɗi, ya ce a ba shi ƙwaya kawai.

"Wannan ba kuɗina ba ne, Injiniya," haka yake ce wa Tongsuk da guntun yarensu da ya iya. "Na kujerata ne. Ina so in mutu a ƙarƙashin tsamiyar nan."

Suna cikin hoton gado sai ga Wirat, ƙanin Lamduan, ya shigo da zakaransa na faɗa a hammata. Mutum ne mai shekara arba'in da tara wanda bai taɓa riƙe aiki ya kai damina biyu ba. Gidansa na bayan nasu, amma tukunyarsa a nan take. Kwandonsa na shinkafa mai danƙo yana rataye a madafin yayarsa, kuma kuɗin wata-wata na a-kori-kurar da yake yawo da ita daga fanshon tsohon suke fita.

"Ango da amarya!" ya ce. "Ku ɗan rungumi juna mana, ko hukuma ta yarda."

"Kai dai zo ka ci, malalaci," in ji Lamduan. "Ka fitar min da kazar nan daga ɗaki."

"Kaza? Yaya, wannan zakaran ya fi mijinki ƙarfin ƙafa."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Yana son Wirat. Wannan ma yana cikin abin da ke ci wa Tongsuk rai har yau.

Da hantsi Tongsuk ya kai su gari a motarsa. Suka biya banki aka buga musu littafin asusu, aka ba su takardar shaida, Lamduan ta jefa su cikin jaka ba tare da kowa ya duba ba. Me za a duba? Shekara goma sha shida lamba ɗaya ce.

Ma'aikaciyar da ta karɓe su a ofis yarinya ce mai ladabi. Ta gaishe da tsohon da hannu biyu, ta duba hotuna, ta duba taswira. Sannan ta ɗora rula a kan littafin banki tana saukowa layi-layi. Rular ta tsaya.

"Baba, ranar huɗu ga watan jiya an ciri dubu talatin."

"A'a, 'yata. Ba a cira."

"An cira. An mayar ranar sha uku. Kwana tara asusun yana ƙasa da ƙa'ida."

Tongsuk ya leƙa. Ga shi nan baƙi a kan fari. Ya juya ya dubi Lamduan, ya ga fuskarta ta yi fari fat, hannunta yana murza bakin jaka.

"Ranki ya daɗe, ai kuɗin sun cika yanzu," in ji Tongsuk. "Ki ƙirga, ba abin da ya ɓace."

"Na gani, Kawu. Amma ba cikar yau ake dubawa ba, kwanciyar wata biyu ake dubawa."

"To a ba shi lokaci su sake kwanciya."

Ta buɗe fasfo ta juya shafuka. Akwai kwana sittin na alfarma da ake ba mai mata, ta ce, amma sau ɗaya ne, kuma ya riga ya ci nasa shekarar da ya kwanta asibiti. Abin da ya rage shi ne ya fita ƙasar kafin kwana bakwai, ya tsallaka maƙwabciyar ƙasa Laos, ya nemo sabuwar biza, ya dawo a fara daga farko. Ta faɗa a hankali, har idonta ya kawo ruwa. Ba laifinta ba ne. Aikinta ta yi.

Suka kamo hanyar gida a mota, suka wuce gonakin rake.

"Ni na ba Wirat katin bankin," in ji Lamduan, tana kallon waje. "Ya ce kwana biyu. Ya rantse da kabarin Inna."

Tsohon ya juyo wajenta. Ya ɗora hannunsa a kan gwiwarta ya bar shi a nan.

Sun tarar da Wirat a gindin tsamiya, a kan kujerar tsohon, yana goge wa zakara wuya da tsumma mai ɗumi. Tongsuk bai jira an kashe mota ba.

"Kai, ɗan banza! Me ka yi da dubu talatin?"

Wirat ya ɗago a natse. "Wace dubu talatin? A'a, wannan? Ai na mayar. Yaya, ban mayar ba? Caca na zuba a kan zakarana, ya ci faɗa a garin Kalasin, na mayar har da na cirewa. Ku duba littafin."

"Sun duba. Sun hana shi hatimin."

"Don me? Kuɗi dai ba su san sun fita yawo ba. Bat bat ne. Wanda na saka ba jabu ba ne."

"Sau nawa aka faɗa a gabanka ba a taɓa su?"

"To ni na san rula za su sa? Ku ba wa wani a ofishin ɗan abin shan ruwa mana, a wuce wurin. Ko ya zauna abinsa, wa zai zo ƙauyen nan neman tsoho?"

Kawu Det ne ya amsa, yana riƙe da ƙofar mota. "Ni ban taɓa karya doka ba, Wirat. Shekara talatin ina tuƙi, ko tara ba a ci ni ba. In suka kama ni, ɗaki za su kulle ni, su sa ni a jirgi. In sauka ina? Wurin wa?" Ya numfasa. "Tashi min daga kujera."

Wirat ya tashi yana gunaguni, wai an mai da abin da bai kai ya kawo ba babban abu. Da yamma kuma ya dawo ya ci abinci.

Likitan gari ya ce tafiyar ba ta da kyau, amma mutum yana iya zama a mota, don haka ba shi da takardar da zai rubuta. Rana ta biyar suka kama hanya. Wirat ya ce motarsa tana da aiki, sai Tongsuk ya rufe shago ya ɗauke su. Kafin su fita tsohon ya tsaya ya zuba wa tsamiya ruwa bokiti guda, alhali ba ta bukata.

Awa uku zuwa gada, cikin zafin da ke narka kwalta. Suka bar mota, suka hau bas suka tsallake kogin Mekong zuwa Laos. Washegari da sassafe suka shiga layi a ofishin biza na garin Sawannaket, mutum sama da ɗari a gabansu, galibi tsofaffin Turawa da matansu riƙe da jakunkunan takardu. Lamduan ta riƙe wa mijinta lema, Tongsuk ya aro kujerar roba wurin mai sayar da taliya, yana ja masa ita taku-taku. Leɓɓan tsohon sun yi shuɗi kafin su kai taga. Aka karɓi fasfo, aka ce a dawo gobe ƙarfe biyu.

A masauki ya kwanta a ƙarƙashin fanka, ya ƙi cin komai. Washegari da rana ya ce a buɗe masa taga. Daga nan ana hango kogi, da ɗaya gaɓar, da rufin gidaje.

"Injiniya, can ne gida?"

"Can ne, Kawu. Anjima kaɗan."

"Kusa ne ashe." Ya ɗan ɗago kansa daga matashi. "In na ga dama sai in yi iyo."

"Da wannan tumbin? Ai sai dai a ɗaura maka igiya a jawo ka kamar kwale-kwale."

Ya yi murmushi. Lamduan ta ce za ta je ta karɓo fasfo, kada a rufe. Ya ce ta je, ta duba hatimin da kyau kafin ta baro taga. Ta fita ƙarfe ɗaya da rabi. Tongsuk yana zaune yana ɓare masa lemo, sai ya ji numfashin ya canza, ya yi tsawo, ya yi tsawo, sannan bai sake dawowa ba. Ya ajiye lemon. Ya kira sunansa sau biyu. Ya rufe masa ido, ya rage ƙarfin fanka, ko don me, shi ma bai sani ba.

Ƙarfe uku saura ta shigo tana ɗaga fasfo sama. "Sun bayar, Tsoho! Kwana casa'in!"

Ba a iya dawo da gawar ba. Takardun da ake nema da kuɗin da za a kashe sun fi ƙarfinsu, asusun kuma sunansa ne shi kaɗai, ba mai iya taɓa shi sai kotu ta yi magana. A wani haikali da ke bayan kasuwa aka ƙone shi bisa al'adar ƙasar, malaman haikalin huɗu da ba su taɓa jin sunansa ba suka yi masa addu'a. Mutum biyu ne kawai suka tsaya masa. A ƙauye kuwa ya riga ya biya wa kansa gurbin ajiye toka a katangar haikalinsu tun shekara biyar, ya zaɓi har waƙar da za a sa.

Tongsuk ne ya riƙo tokar a cikin farin ƙyalle, a kan cinyarsa, a bas ɗin gada. A shingen shiga aka duba takardarsa, aka duba ta Lamduan. Ƙullin ba wanda ya tambayi takardarsa.

An yi sadakar makoki a gida. Wirat ya yi ta kai da kawo da kujeru, yana kuka da ƙarfi, yana gaya wa baƙi cewa zuciya ce, dama an san ba zai daɗe ba. Lamduan ta ci gaba da sallamar baƙi. Da aka watse ta shiga madafi, ta ciro kwandon shinkafarsa, ta juye abin da ke ciki wa kaji, ta fito ta rataye shi a kan shinge ta wajen titi. Ta sa wa ƙofar bayan da ke tsakanin gidajensu kwaɗo, ta jefa makullin a rijiya.

'Yan sanda ba su shiga maganar ba, don a takarda ba abin da aka sace. Amma fansho ya tsaya ranar da mai shi ya mutu. Wata uku bayan haka kamfani ya zo ya ɗauke a-kori-kurar. Zakaran ya mutu a fage. Yanzu Wirat yana saran rake a gonar wasu, ana biyansa da yini, kuma ba gidan da ake ce masa zo ka ci a duk layin.

Kullum da safe yakan wuce ta gaban shagon Tongsuk da addarsa, kansa a ƙasa. Fentin lambar gidan ya soma ɓarewa. Kwandon yana nan a kan shinge, rana ta cinye launinsa.